Harsashi Ɗaya a Gwangwanin Dabino

Assalamu alaikum Anti, da ke da duk masu bibiyar wannan shafi. Don girman Allah a ɓoye sunana, ko harafin farko kada a sa, domin 'yan garinmu da ke unguwar Deira a Dubai ba su da aiki sai bin diddigin mutane. Masu sharhi kuma ina roƙonku, kafin ku fara zagina ku daure ku karanta har ƙarshe. Na san halinku sarai, ina ganin yadda kuke yaga mutane a nan, wani bai gama layi na biyu ba ya riga ya rubuta Allah ya isa. Ba wa'azi na zo nema ba. Na san na yi laifi, ba sai wani ya tuna min ba. Shawara nake so, wanda ba shi da ita ya wuce abinsa.

Ni namiji ne, ina aiki a wani siton kago a Jebel Ali, mu ne masu shirya kayan 'yan kasuwa a kwantena. Wanda ya yi min hanyar zuwa Dubai yayan mahaifiyata ne, bari in kira shi Kawu kawai. Tsohon ɗan kasuwa ne, tun kafin a yaye ni yake zuwa garin nan saro kaya. Ya taimake ni, ban musa ba, kuma na gode. Amma wallahi tun ranar da na sauka daga jirgi mutumin nan bai taɓa barina na manta ba. In ya zo gari na je gaishe shi, a gaban abokansa zai nuna ni da baki ya ce, "Kun ga wannan? Da ba don ni ba yana can yana gadin shagon cajin waya." Su yi dariya, ni ma in yi yaƙe, zuciyata kuwa kamar ta fashe. Ina da gemu, ina ciyar da gida guda, amma a wurin Kawu har gobe ni "ɗan nan" ne. Ko sunana ba ya kira.

Gidanmu a gida Najeriya shi ne na ƙarshe a garin, daga katangarmu sai gonaki sai daji. Umma tana ciki, da Yayana da matarsa da yaransu. Kowa ya san abin da ake ciki a yankinmu, ba sai na tsaya bayani ba. Da 'yan bindiga suka shiga ƙauyen da ke maƙwabtaka da mu suka kwashe mutane, Yaya ya kira ni ko sallamar kirki babu. Ya ce, "Kai kana can kana shan sanyin esi, mu muna nan da tsohuwar bindigar adakar Baba wadda ko kaza ba za ta firgita ba." Ya ce ya yi magana da wani da ya san kan neman lasisi, za su bi ta hanyar hukuma su sayi bindiga ta tsaron gida, amma shi bai san wacce zai nema ba, kuma yana tsoron a cuce shi. "Kai ne a ƙasar wayayyu, ka bincika mana." Anti, ni da ko danƙon harbin tsuntsu ban iya ba! Amma ya zan ce wa yayana ban sani ba, alhali uwata ce a cikin gidan?

A nan baƙo irina ba ya mallakar bindiga, ko a mafarki. Amma akwai wuraren koyon harbi na halal, ka nuna katinka, ka biya, a ba ka abin toshe kunne da tabarau, mai koyarwa ya tsaya a kanka kamar mai gadin jarrabawa. Wani abokin aikina ne ya nuna min wurin. Ranar farko ƙaramar bindiga aka ba ni, irin ta hannu ɗaya da muke gani a fim. Ina taɓa kunamar na rufe ido, takardar saitin nan ko ƙwarzane ban yi mata ba. Mai koyarwar ya dafa ni yana cewa, "Shwaiya shwaiya, habibi," wato a hankali, abokina. Kunya ta ishe ni, amma na koma. Duk ranar hutuna can nake, har na gwada doguwa, na gwada mai baki biyu wadda ta tokare min kafaɗa na kwana biyu ina sallah da ƙyar. Da na gaya wa mutumin dalilina, ya ce bindigar farko ba wadda ta fi ban tsoro ake nema ba, wadda mutum zai iya riƙewa ya sarrafa ake nema, mai sauƙin gyara, kuma wadda zai iya kullewa inda hannun yara ba zai kai ba. Ya ce ƙaramar nan da nake sha'awa ita ta fi wuyar saiti ga sabon hannu. A ƙarshe na tsaya a kan mai baki biyu, don ba ta da tarkace da yawa, kuma irinta ce aka saba bai wa manoma da mafarauta lasisi a wajenmu.

Gaskiya kaina ya kumbura. A karo na farko a rayuwata akwai abin da na sani wanda babu wanda ya sani a danginmu, har da Kawu. Na kira Yaya na zuba masa bayani kamar wani tsohon soja. Ya saurara, sannan ya ce, "To harsashinta fa? An ce kala-kala ne." Na tura masa hoto. Ya ce hoto ba ya nuna girma. Na karanta masa lambar da ke jiki. Ya ce shi ba ɗan boko ba ne, in ya je wurin mai sayarwa da lamba a baki za a ba shi duk abin da aka ga dama. "Ka turo samfur mana. Komai ai da samfur ake saye."

To a nan ne shaiɗan ya same ni, domin maganarsa ta zauna min daidai. Duk wanda ya yi hulɗa da 'yan kasuwarmu a Dubai ya san samfur shi ne addininsu na biyu. Ƙyallen yadi, ɓallin tayil, ɗan kwalbar turare, marfin famfo, kowa da abinsa a aljihu. Ni kaina kullum ana aiko min da samfur a ce in nemo irinsa. Sai kwanyata ta ɗauki harsashi ta ajiye shi a layi ɗaya da ƙyallen yadi. Da na koma wurin harbin, guda ɗaya ya suɓuce min ya faɗi ƙasa, ja ne mai gindin tagulla, bai fi batirin tocila ba. Maimakon in miƙa shi, na ɗauke na fita da shi. Kada wani ya ce min ban san haramun ba ne. A kago nake aiki, na san ko batirin gaske sai an bayyana shi kafin ya hau jirgi. Na sani, na yi.

Ya daɗe a cikin akwatina ban san yadda zan yi da shi ba. Har na fara tunanin in jefa shi a ruwa in na hau abra, kwalekwalen hayar nan, in huta. Sai Kawu ya zo gari. Ranar da zai koma na je masaukinsa a Deira da saƙon Umma: turaren wuta, maganin ciwon gwiwa, da gwangwanin dabino. Harsashin yana aljihuna, kuma Allah ne shaidata, a kan hanya na riga na yanke cewa ba zan ba da shi ba. Ɗakin cike yake da masu kawo saƙo, kun san yadda ake yi in babban mutum zai tafi gida, kowa da ƙullinsa. Kawu yana da ƙa'ida, ba ya karɓar saƙo sai an buɗe a gabansa, wannan ba laifi ba ne. Amma na kowa leƙawa kawai yake yi ya ce a rufe. Da aka zo kan nawa sai ya zazzage shi a kan gado. Ya buɗe turaren ya shinshina. Ya karanta kwalin maganin kamar ya iya Turanci. Ya tona dabinon da yatsa har ƙasa, ya ɗauki ɗaya ya jefa a baki. Sannan ya dubi mutane ya ce, "Yaran nan na yanzu ba a yarda da su. Musamman wannan, idonsa ya buɗe da yawa."

Aka yi dariya. Har da wata Hajiya da ban taɓa gani ba, tana rufe baki da mayafi. Anti, kin taɓa jin kunnuwanki sun yi zafi har kin daina jin maganar mutane? Na durƙusa ina tattara kayan uwata a kan gado kamar ɓarawon da aka kama a kasuwa. Kawu ya juya yana amsa waya. A zuciyata na ce, ka bincika ɗin, sai me? Wai kai mai wayo. Na zaro abin daga aljihu na tura shi cikin dabinon, na danne murfin, na miƙa masa da hannu biyu na ce, "Allah ya kiyaye hanya, Kawu." Ya ce, "Yalla, tashi ka ba mutane wuri." Na fito ina jin daɗi. Wallahi daɗi na ji. Ina tafe zuwa tashar jirgin ƙasa ta Al Rigga ina murmushi ni kaɗai, wai na yi wa tsoho wayo, zai kai saƙon da hannunsa bai sani ba.

Bai ko kai ƙofar jirgi ba. Na'urar haska kaya ta nuna abin, aka kira sunansa, aka buɗe jakar a gabansa. Wani abokinsa ne ya kira ni da la'asar yana salati, ya ce an tsare Alhaji, an ce an sami harsashi a kayansa. Na zauna a kan wani kwali a sito. Mutum mai furfura, mai ciwon suga, wanda ko tarar ajiye mota ba a taɓa yi masa ba a ƙasar nan, an tafi da shi a gaban matafiya 'yan uwansa. Kuma abin da ya fara zuwa raina, don in gaya muku irin mutumin da nake, ba halin da yake ciki ba ne. Cewa na yi, shin akwai sunana a jikin gwangwanin? Babu. Dabino kuwa mutum huɗu ko biyar suka ba shi a ranar, duk irin gwangwani ɗaya da ake sayarwa a kowane shago, kuma ya haɗa su a jaka guda.

Na kira Yaya, ina zaton ko shi zai tsaya tare da ni tunda don shi na yi. Kun san abin da ya ce? "Ni na ce ka sa a kayan Kawu? Ni samfur na ce, ban ce ka haukace ba. Kada ka kuskura ka ambaci sunana, kuma kada Umma ta ji." Ya kashe wayar. Mutumin da ya hana ni barci da kira, yau in na kira shi sai ya ce yana gona. Bindigar ma ya watsar da maganarta, wai lasisin ya yi wuya. Wato duk wannan bala'in a banza na jawo shi.

Bayan 'yan kwanaki aka ba da belin Kawu, amma an riƙe fasfonsa, ba zai bar ƙasar ba sai an gama shari'a. Zaman otal ya gagara tunda ba a san ranar gamawa ba. To wa yake da shi a Dubai? Ɗan ƙanwarsa. Yanzu haka da nake rubuta miki wannan, Kawu a ɗakina yake zaune. Na bar masa gado ina kwana a ƙasa. Ni nake dafa masa abinci marar gishiri, ni nake raka shi wurin lauya, ni nake fassara masa abin da aka ce. Da bakina na fassara masa cewa in ainihin mai kayan ya fito ya amsa, akwai kyakkyawan zaton a sake shi, in kuwa bai fito ba, abin zai iya kaiwa ga ɗauri, sannan a kore shi daga ƙasar, ba shi ba sake shigowa. Kasuwancin da ya gina tun yana saurayi ke nan, khalas, ya ƙare. Na faɗi wannan da Hausa tsaf, muryata ko rawa ba ta yi ba.

Kuma kada ku zaci wahala ta sa ya yi laushi. Ina! Wai shayina ruwa ne, ɗakina warin takalmi yake, ban iya ninke darduma ba. Umma kuma kullum sai ta kira tana kuka tana sa min albarka, wai na riƙe mata ɗan uwa, Allah ya ba ni masu yi min. Tana tsine wa wanda ya yi wa yayanta wannan aika-aika, tana cewa Allah ya tona masa asiri duniya da lahira, ni kuma ina riƙe da waya ina cewa amin. Wace irin rayuwa ce wannan? Wani lokacin in na dube shi yana allurar sugarsa, tausayi ya kama ni har in ji ƙwalla. Minti biyu bayan nan ya buɗe baki, in ji da ma a ɗaure shi in huta. Ga gaskiyar, ku yi da ni yadda kuka so.

Juma'ar da ta wuce abokansa suka ce abin ya isa. Suka tara duk wanda ya ba da saƙo a ranar wanda yake gari, a bayan shagon wani dattijo a Deira, bayan an sauko daga masallaci. Aka ce kowa ya yi alwala, za a dafa Alƙur'ani. Kawu yana zaune a kujera yana kallon layin. Na farko ya dafa ya rantse. Na biyu ya rantse har da kuka, wani bawan Allah mai sayar da kayan waya wanda tun da abin ya faru ake nuna shi da yatsa, har wasu sun daina ba shi kaya. Ina kallonsa, na san ba shi da laifi, ban ce uffan ba. Layi yana matsowa. Anti, na yi alwalar. Na tsaya a layin. Na riga na shirya kalmomin da zan faɗa a bakina. Ba zan yi miki ƙarya ba, da zan rantse.

Saura mutum ɗaya a zo kaina Kawu ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "Ya isa. A rufe Littafin nan." Aka ce Alhaji ai ba a gama ba. Ya ce, "Na ce a rufe. Ni aka kama ko ku? Kowa ya tafi harkarsa, kuma yaron nan mai kayan waya a ƙyale shi, ba shi ba ne." Mutane suka watse suna gunaguni. Ni kuwa har wata ajiyar zuciya na yi, ina cewa Allah ya rufa min asiri.

Muka fito muka kama hanyar tasha, rana tana dukan mu, yana tafiya a hankali ina biye da shi riƙe da jakar maganinsa. Sai ya tsaya a inuwar wani shagon canji, bai ko dube ni ba, ya ce, "Gwangwanin da na ci dabino ɗaya a ciki, shi suka buɗe a gabana. Gurbin yatsana yana nan."

Na ce, "Kawu..."

Ya ce, "Rufe min baki. Tun a filin jirgi na sani. Sun tambaye ni na wane ne, na ce ban sani ba, kuma haka zan faɗa wa alƙali. Kada ka ɗauka don kai na yi. Kai ko a kwata na gan ka ba zan ɗaga ka ba. Ƙanwata ce ba za ta iya ɗaukar wannan ba, da hawan jininta, a ce ɗanta ne ya ɗaure yayanta. Na zuba maka ido a ɗakin nan ina jira ko sau ɗaya ka buɗe baki ka ce Kawu ni ne. Kana zuba min shayi. Yau kuma na ga har Alƙur'ani za ka dafa, shi ya sa na tsayar, don ba zan zauna ina kallo jinin gidanmu ya ƙone kansa ba." Ya karɓe jakar maganin daga hannuna. "In an gama wannan shari'ar, ko ta yaya ta ƙare, ba ni ba kai. Ranar da na mutu kada ka zo. In ka zo ban yafe ba."

Daga nan ya tsayar da tasi ya shiga, ya bar ni a tsaye. Da na koma ɗaki na same shi a kan gadona yana jan carbi, ya tambaye ni ina abincinsa, kamar ba a yi komai ba. Haka muke zaune har yau, ba ya yi min magana sai in yana son ruwa.

Kuma abin da ya fi ci min rai, haushinsa nake ji fiye da da. Da ya tona ni, da na san an yi an gama. Yanzu ya ɗora min wani alherin da har in mutu ba zan iya saukewa ba, ya kuma tofa min yawu a kai. Zaman kotu ya kusa. In na je na ce ni ne, aikina ya tafi, bizata ta tafi, ɗauri yana jirana, gidan da nake ciyarwa ya tsaya, kuma Umma za ta ji daga bakin duniya cewa wanda take tsine wa a kowace sallah ɗanta ne. In na yi shiru, tsoho mai allurar suga zai shiga kurkuku a kan abin da na tura da yatsana don kawai an yi min dariya. Shi ya ce in yi shiru. Lauya ya ce mai kayan ya fito. Ni kuma ko ido ba na iya haɗawa da mutumin da ke kwance a kan gadona.

Wanda zai zage ni ya zaga, na cancanta, amma in ya gama ya amsa min. Jama'a, me zan yi?